Sawun Lori a Bayan Sito

Ranar da aka wayi gari aka tarar da kwaɗon ƙofar baya ta babban sito a karye, ko jakata ban ajiye ba labari ya tarye ni. Ni ce mai awo a masana'antar sukarin nan. Duk motar da ta kawo rake sai ta hau sikelina, ni nake rubuta nauyinta, don haka manoma da direbobi duk sun san bakina. A wajen mai shara na ji: an kwashe fiye da rabin babban tarin sukari, kuma 'yan sanda sun tafi da mai gadi.

Mai gadin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutumin da in ya tsinci allura sai ya yi cigiya har mutane su gaji da shi.

Kafin hantsi harabar ta cika. Leburori sun ja gefe guda suna cewa manoma ne, ai an riƙe musu kuɗin rake, sun kuma yi rantsuwa. Manoma sun tsaya a bakin ƙofa suna cewa da ɗan gari kan ci gari, wa ya san hanyar sito in ba ma'aikata ba? Direbobi kuwa kowa ya jingina da motarsa yana kallon tayar ɗan'uwansa. Abu ɗaya suka haɗu a kai: duk inda na gifta sai a yi shiru. Wata mai ɗinkin buhu da muke cin abinci tare kullum ta ja jakarta ta ɗora a cinya da na zauna kusa da ita. Na ce mata ta ƙara rungumewa, kada in haɗiye.

Manaja ya same ni a ɗakin sikeli. Ɗan mai kamfanin ne, tun rasuwar mahaifinsa shi ke riƙe da komai, mutum mai taushin murya. Shi ya biya kuɗin asibitin mahaifiyarmu lokacin jinyarta ta ƙarshe, ban manta ba.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "Zan sa baki a maganar yayanki."

"Ranka ya daɗe, ai ba sa baki ake so ba. Ka gaya musu ba ɓarawo ba ne."

"Ya bar bakin aikinsa a daren, shi ne matsalar."

Ya faɗi haka yana kallon allon sikeli, ba ni ba.

*

Na tarar da Yaya a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, an karɓe masa hula da takalmi. Na miƙa masa abinci a kwanon da nake kai masa wajen aiki, na rufe da faranti, don murfin kwanon ya ɓatar da shi tun farkon kakar rake, har mun yi faɗa a kai.

"Ina ka je a daren, Yaya?"

"Na je duba injin ban ruwa a gonar kamfani. An ce ana yawan sace wayoyinsa."

"Wa ya ce? Wa ya aike ka?"

Ya sa loma a baki yana taunawa a hankali, yadda yake yi tun muna yara in ba ya son ba da amsa.

"Auta, ki bar maganar nan. Kwana biyu ne, za a sake ni."

"Wa ya gaya maka kwana biyu ne? Sufeton 'yan sanda ya ce farkon mako kotu za a kai ka. Kana da mata, kana da 'ya'ya, babbar 'yarka tun safe ta ƙi fita don kunya."

Can ya ɗago ya ce, "In kin koma, ki sa wa magen nan ruwa a bayan sito. Tana shayarwa."

Wallahi da ba don ƙarfen da ke tsakaninmu ba da na kifa masa farantin. Mutum ana shirin ɗaure shi, mage ce a ransa. Na fito ina kuka, ba na tausayi ba, na takaici.

*

Akwai wani tsoho mai bin sawu da manoman rake ke kira in an sace musu shanun huɗa ko injin ban ruwa. Sunkuye ake ce masa, don ko gaisuwa zai yi da kai ƙafarka yake kallo. Ba shi da kunyar yabon kansa ko kaɗan, kuma ba ya ɗaga ƙafa sai an biya shi rabin ladansa. Na biya. Ya zo da sandarsa da guntun rake yana tsotsa, don haƙoran taunawa sun daɗe da yi masa sallama.

"'Yata, ni ƙasa ba ta taɓa yi min ƙarya ba," ya ce. "Mutane ne ke yi."

Bayan sito akwai wani bututu da ke yoyo shekara da shekaru, ya mai da wurin laka. Sufeto ya ja igiya ya kewaye shi, don haka sawun bai lalace ba. Tayar lori ce ɓaro-ɓaro, ta shigo da baya har kusa da ƙofa, ta kuma fita. Sunkuye ya tsuguna, ya nuna min wata tsaga da ke maimaita kanta a sawun tayar hagu ta baya. Daga nan ya bi layin motocin da ke jiran awo ɗaya bayan ɗaya yana shafa tayoyi, jama'a na biye da shi kamar ana rakiyar ango. A mota ta kusa da ƙarshe ya tsaya.

"Ga ɓarawonku," ya ce da ƙarfi. "Ko wata mota ce ta ari ƙafar wannan?"

Motar Babu-Birki ce, wani direba da ya samo sunan daga yadda yake tuƙi da yadda yake magana. Ya rantse har da kabarin ubansa cewa a gida motar ta kwana. Sai da Sunkuye ya kankaro laka daga ƙarƙashin motar ya kai masa hanci, lakar da ke warin ruwan wankin inji, sannan ya sauke murya.

"To, na je. Amma wanka na kai ta. Duk mako a irin wannan ranar, bayan an tashi aiki, nakan lallaɓa in wanke ta a bututun nan, ruwan banza ne yake zuba. An hana, an ce tara za a ci mutum, shi ya sa na yi gardama."

"Wa ya san kana yin haka?" in ji ni.

"Yayanki ya sani. Manaja ma ya taɓa kama ni, ya yi dariya ya wuce. Da na tashi tafiya kwaɗon nan lafiyarsa ƙalau, da idona na gani."

Ba wanda ya yarda da shi, ni ce kan gaba. Amma Sunkuye ya koma bakin lakar shi kaɗai, ya tsoma sandarsa a sawun shigowa, ya riƙe wurin da yatsa, ya tsoma a sawun fita. Ya sake yi a wani wuri. Da ya dawo fuskarsa ba daɗi.

"Na yi gaggawa," ya ce a hankali, don kada jama'a su ji. "Yadda ta shigo haka ta fita. Motar da ta ɗauki ɗaruruwan buhu da ta nutse a lakar nan har gindi. Wannan ko buhun gishiri ba ta ɗauka ba."

"Ka ce ƙasa ba ta yi maka ƙarya."

"Ba ta yi ba. Ni ne na katse ta tana tsakiyar magana."

*

Muka tafi wajen shugaban manoma. A bakin gonarsa muka same shi, raken da aka yanke yana jibge a rana, ƙudaje na bi. Shi ne wanda makon da ya wuce ya tsaya a gabana ya ce in ba a biya su ba za su ɗebi haƙƙinsu da hannunsu.

"Na faɗa, kuma ko gaban alƙali zan maimaita," ya ce. "Ke kin san rake. In an yanke shi ba ya jira, kwana kaɗan ya fara tsami, nauyi ya ragu. Dole mu kawo muku ko kun biya ko ba ku biya ba. Da, zamanin mahaifin Manajan nan, kana sauke kaya kana karɓar kuɗinka. Bana sai a ba ka rabi a ce ka dawo. Masu yanka suna bina, mai taki yana bina. Amma in ce na saci sukari? In kai shi ina, in zuba wa shanu?"

Sunkuye bai tambaye shi komai ba. Ya zagaya rumbunan gidan da ɗakin ajiya yana kallon gindin bango, ya dawo ya roƙi a ba shi rake mai taushi. A hanya na ce masa ya ɓata mana lokaci.

"Kiyashi nake nema," ya ce. "Ba a ɗaukar buhun sukari a kafaɗa bai zubar da ɗan wani abu ba, ko ta bakin ɗinki. Inda ya zuba kuwa kiyashi sai sun yi layi. Babu su a gidan mutumin nan. Abin da ya fi damuna, babu su a ƙofar bayan sitonku ma. Wace irin sata ce da kiyashi ba su samu rabonsu ba?"

*

Makullin sito biyu ne. Tun da aka sallami mai sito da mai gadin rana don rage kashe kuɗi, ɗaya na hannun Manaja, ɗaya na hannun Akanta. Ita na fi zargi, ba don komai ba sai don mace ce da ba ta amsa gaisuwa da kyau, kuma ta sayi sabuwar mota bara. Na shiga ofishinta da shirin faɗa. Na tarar ta cire tabarau ta dafe kai.

Sunkuye ya zauna ba a ba shi izini ba. "Hajiya, ni jahili ne a harkarku. An ce kamfanin nan riba yake ci. Me ya hana a biya manoma?"

Ta dube shi, ta dube ni, kamar tana auna ko mun cancanci amsa.

"Riba daban, kuɗi a hannu daban, Baba. Wata kaɗan muke niƙa rake a shekara, a cikinsu dole mu biya manoma da ma'aikata da mai. Sukarin kuwa a hankali yake fita, shekara guda ana sayarwa, kuma manyan 'yan sari ba sa biya nan take. Ranar da suka ɗauka ni zan rubuta an sayar, an ci riba, amma kuɗin sai sun ga dama. To abin da ke riƙe kamfani tsakanin biyan rake da karɓar kuɗin sukari shi ne kuɗin juyi. Shi ne numfashinmu. Bara Manaja ya kwashe shi ya sayi sabon inji. Na ce masa inji ba ya biyan albashi, ya ce 'yan sari za su biya kafin kaka. Ba su biya ba."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai banki. Suka ba mu rance, muka jinginar musu da babban tarin nan. Ko buhu ɗaya ba mu da ikon taɓawa sai da izininsu. Duk wata mutuminsu yana zuwa mu ƙirga tare."

"Buhu-buhu kuke ƙirgawa?"

Ta ɗan yi murmushi. "Wa zai iya? Tarin ya fi tsayin mutum biyu, ya jingina da bangon baya, an lulluɓe samansa da tamfol. Mukan ƙirga buhun da ke tsawo, da na faɗi, da na tsayi, mu ninka. Haka ake yi a kowane sito, haka na tarar."

"Ba mai hawa sama?"

"Ba mai hawa." Ta mayar da tabaraunta, sai kuma ta sake cirewa. "Amma an canja mana jami'in banki. Sabon ya aiko cewa mako mai zuwa zai zo da leburorinsa, a sauke tarin gaba ɗaya a sake jerawa a gabansa."

"Wa ya san da zancen?"

"Ni da Manaja."

"Kuma in an tabbatar sata ce?"

"Inshora za ta biya banki." Muryarta ta yi ƙasa. "In an samu wanda kotu ta kama da laifi, biyan ya fi sauri."

Na ji kunyar zargin da na shigo da shi, amma ban ba ta haƙuri ba, don har lokacin ban gama yarda da ita ba. Mai makulli ai mai makulli ne.

Daga nan Sunkuye ya je ya sami Sufeto, suka shiga siton su biyu, aka bar ni a rana. Ba su daɗe ba suka fito. Sufeto ya tura mota a ɗauko Yaya, ya kuma sa a kira Manaja da Akanta da Babu-Birki da shugaban manoma.

*

Ta ƙofar baya muka shiga. Tun da aka yi abin ban ga wurin ba sai lokacin. Daga gaba in ka tsaya, tarin yana nan cif kamar ba a taɓa shi ba. Daga baya kuwa ɗaki ne fanko, buhuna sun yi masa bango ta gaba da gefe biyu, tamfol ya rufe sama. Sufeto ya tsayar da mu a bakin ƙofa, ya ce kada wanda ya taka ciki. Yaya na gefensa da ankwa a hannu, ya ƙi kallona.

Sunkuye ya gyara murya. Ya ga taro, ransa ya yi fari.

"Direba ya zo wanka, ya tafi fanko. Manomi bakinsa ne kawai ya yi sata. To ku dubi ƙasan nan. Ƙura ce kwance, ta kwana da yawa. In ƙarti suka kwana suna jidar buhu a nan, ƙasan za ta zama kamar filin dambe. Me kuka gani? Ga takalmin 'yan sanda a bakin ƙofa, ga wani takalmi mai santsin ƙasa ya shiga ya ja buhu kaɗan ya watsar don a ce an yi ɓarna. Sauran duk sawun wa?"

"Mage," in ji Babu-Birki.

"Mage."

Ya bi gefen bango a hankali har kusurwa, kusa da wata 'yar kafar ruwa da ke gindin bangon baya. Ya ɗaga wani yagaggen buhu da sandarsa. Mage ce kwance ta harare mu, 'ya'yanta suna hawa kanta suna faɗowa. Ɗaya ya taho da gudu ya kama bakin sandar.

"Ku dube su da kyau. Idonsu a buɗe, suna gudu, suna kokawa. Ɗan mage ba ya haka sai ya kwana biyu a duniya, wata guda ko fiye. A nan aka haife su, ga shimfiɗar, ga ƙasusuwan ɓera sun bushe, ga kashinsu tsoho da sabo. Mage ba ta haihuwa a cikin buhun sukari, sai a fili. Kuma da an yi hayaniyar jidar kaya a kanta shekaranjiya, da ta kwashe 'ya'yanta a baki ta bar wurin. Wannan ramin ya girmi satar da ake magana. Ba a saci komai a daren nan ba, kwaɗo kawai aka karya."

Manaja ya yi 'yar dariya. "Sufeto, yanzu da shaidar mage za mu je kotu? Ai tana iya kawo 'ya'yanta daga wani wuri jiya."

"Tana iyawa," in ji Sufeto. "Shi ya sa nake son sanin mai wannan."

Ya sunkuya kusa da kafar ruwan ya ɗauko wani abu ya ɗaga. Murfin kwano ne mai shuɗin baki, gefensa ya ɗan lotsa, cikinsa ya yi zobe-zobe na ruwan da ya sha bushewa ana ƙarawa. Lotsawar nan ni na yi ta, ranar da ya faɗo min daga kan kanta.

"Wani yana turo wa magen nan ruwa ta kafar nan, ya daɗe yana yi. Wanda ya san mai shi ya faɗa."

Yaya ya ɗago ya dube ni karo na farko, ya girgiza kai kaɗan. Na gane abin da yake nufi. In na ce namu ne, na nuna ya san da ramin ya yi shiru, Sufeto na iya cewa da shi aka haɗa baki. In na yi shiru, maganar Manaja ta zauna, farkon mako a kai shi kotu a matsayin ɓarawo. Ko ta ina akwai ƙaya. Amma ni ban iya haɗiye magana ba tun ina yarinya.

"Nawa ne," na ce. "Murfin kwanon abincin yayana ne. Tun farkon kakar rake ya ce min ya ɓata, matarsa shaida ce, mai shara ma ta ji faɗan da muka yi." Na juya wajensa. "Yaya, ka yi magana. In ba ka yi don kanka ba, ka yi don yarinyar da ta kulle kanta a ɗaki."

Ya dubi ankwar hannunsa.

"Kukan 'ya'yan na ji ta kafar," ya ce. "Na kwanta na haska fitila in gan su, sai na ga wuri wayam. Da safe na sami Manaja na gaya masa. Ya rufe ƙofa ya ce shi ya fitar da sukarin, ranakun hutu, da motocin mai saye da leburorinsa. Ya ce da kuɗin ake biyanmu, in banki ya ji za a rufe kamfani, kowa ya rasa abinci. Ya ce 'yan sari na biya zai mayar. Ya tuna min da jinyar Inna. A daren nan shi ya ce in je gona in duba inji. Da aka kama ni ya aiko min cewa in daure, kwana biyu ne."

Duk muka juya. Manaja ya dubi takalminsa, mai santsin ƙasa, ya dubi ƙofa, Babu-Birki ya matsa ya tsaya a bakinta. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a tsaye ba sai ranar.

"Ko kwabo ban kai gidana ba," ya ce. "Albashinku na watannin nan daga ina kuke zaton ya fito? Rabin da aka ba manoma fa? Ke kanki, mai sikeli, sukarin nan kika ci."

"Na ci, ranka ya daɗe, ban sani ba. Amma da ka tara mu ka ce babu, da mun san yadda muka yi da kai, ba yau aka fara jiran albashi a duniya ba. Sai ka zaɓi mutumin da ya rufa maka asiri, shi za ka tura gidan yari don inshora ta yi sauri? Kuɗin asibitin Inna ashe jingina ka karɓa da shi."

Akanta ta zauna a kan buhu tana cewa wata nawa tana sa hannu a kan iska. Sufeto ya buɗe ankwar daga hannun Yaya, ya yi masa faɗa sosai a kan shirunsa, ya ce zai tsaya shaida ko ya so ko ya ƙi. Sunkuye kuwa ya matso kusa da ni ya ce kada in manta da cikon ladansa.

*

Banki bai ɓata lokaci ba. Kafin ƙarshen mako sun sa nasu kwaɗon a babbar ƙofa, sun kawo nasu masu gadi. Sabon injin yana ciki a lulluɓe. Manoma suka riƙa kai rake wata masana'anta mai nisa a kan rabin daraja, mu kuma muka zauna a gida muna jiran abin da kotu za ta ce. Wasu suna gaishe ni da mutunci, wasu sun ce bakina ne ya rufe kamfani. Mai ɗinkin buhun nan tana cikinsu. Na aika mata cewa yanzu ta huta da rungumar jaka, ba abin da ke ciki.

Yaya ya ɗauke min ƙafa kusan mako biyu. Matarsa ta ce ya roƙi masu gadin banki sun bar shi ya kwaso magen da 'ya'yanta a kwali, suna ƙarƙashin gadonsa, kuma 'yarsa ta koma makaranta. Wata ranar da yamma ina tsakar gida ina wanki sai ga shi ya yi sallama. Ya zauna a kan turmi, ya ciro murfin daga aljihun rigarsa, ya wanke shi tas, ya ajiye a gabana.

"Mutum sama da ɗari ba aiki, Auta," ya ce. "Da kin yi shiru, wataƙila da inshora ta biya, da injin yana juyawa."

"Da na yi shiru, da yanzu ina kan layi a ƙofar gidan yari da kwanon da ba murfi."

Ya sa hannun riga ya goge idonsa, ya ce rana ce ta dame shi, alhali inuwa ta rufe gidan. Na tashi na ɗauko kwanon, na zuba masa abinci, na rufe da murfinsa na miƙa masa.